Yana da takarda amma yaran ba sa gane shi: wa ya cancanci lasisin koyar da masu buƙata ta musamman?

Uwar Ɗalibai: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan tunda akwai masana a cikinmu. Makarantar da nake shugabanta tana da aji ɗaya na yara kurame, su goma sha huɗu. A farkon zangon nan aka turo mana sabon malami, takardunsa cif: ya karanci ilimi na musamman, yana da rajista, babu abin da ya rage. Na yi murna ƙwarai, don mun daɗe muna nema.

Ranar Laraba na shiga ajin na zauna a baya. Allo cike da rubutu tun daga sama har ƙasa, darasi ne kan sassan tsiro. Yara sun duƙufa suna kwafa, rubutunsu tsaf gwanin sha'awa. Da aka tashi sai na riƙo hannun wata yarinya, wadda na san tana da kaifin ƙwaƙwalwa, na nuna mata kalmar "saiwa" a littafinta, na tuge ciyawa a bakin taga na miƙa mata, na yi mata alamar ta nuna mini. Ta dubi littafin, ta dubi ciyawar, ta girgiza kai. Mako uku ke nan tana kwafar abin da ba ta san ko mene ne ba.

Da na tambayi malamin bai ɓoye mini komai ba. Ya ce maganar hannun da ya iya ba ta wuce haruffa da gaisuwa ba, kwas ɗaya ya yi, kuma a rubuce aka yi jarrabawar. Mutumin kirki ne, har ƙwalla ya yi. Ban ga laifinsa ba. To amma takardar da ke hannunsa, shaidar me take bayarwa?

Tsohon Sufeto: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da kika gani na gan shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a shekarun da na yi ina zagayen makarantu. Amma ina roƙo kada ɓacin ran nan ya sa mu raina takarda. Na riski lokacin da ajin nakasassu shi ne inda ake jefa malamin da aka gaji da shi, wanda ba ya zuwa aiki ko wanda ya yi rigima da hedimasta, a ce a kai shi can tunda ba wanda zai kawo ƙara. Sharaɗin takarda ne ya fara rage wannan ɓarna. A Najeriya an buɗe kwalejin tarayya ta horar da malaman ilimi na musamman a Oyo a 1977, jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero suna da sassan wannan fanni, sannan dokar 1993 ta kafa hukumar rajistar malamai, TRCN. Kafin nan yawancin aikin a hannun 'yan mishan da masu sa kai yake.

Inda gizo ke saƙar shi ne, rajistar tana rarraba malamai ne bisa zurfin karatunsu: mai digirin digirgir rukunin A, mai digiri na biyu B, mai digirin farko C, mai NCE kuma D. Wannan rarrabawa ba ta gaya miki ko mutum zai iya tsayawa gaban kurma ko makaho. Malaminki ya cika sharaɗin da aka gindaya masa. Sharaɗin ne bai kai ba.

Mai Ɗigo Shida: Baba Sufeto ka sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Ni makaho ne tun ina ƙarami, kuma na haura shekara ashirin ina koyar da rubutun makafi. Bari in nuna muku yadda matsalar Hajiya take a ɓangarenmu.

Rubutun Braille ɗigo shida ne kacal, layi biyu a tsaye, uku-uku. Daga cikinsu ake fitar da siffofi 63. Louis Braille yana ɗan shekara 15 ya tsara shi a 1824, aka wallafa a 1829. Harafin e ɗigo na 1 ne da na 5. Harafin i kuwa na 2 ne da na 4, wato e ɗin ne aka juya. Haka d da f, haka h da j. Yaron da ke rubutu da sileti da tsinken huda daga dama yake farawa zuwa hagu, sai ya juya takardar ya karanta daga hagu. Kun ga kenan dole a farko ya riƙa cakuɗa waɗannan haruffa. Malamin da ya ƙware, da ya ɗora yatsa ko ya kai ido zai gane, ya kama hannun yaron ya gyara masa tun abin bai zauna ba.

An taɓa kawo mini wani yaro daga wata makaranta, shekararsa uku yana rubuta i a wurin e. Na tambaye shi wa yake duba masa aiki, ya ce malaminsu karɓar takardun yake yi ya sa a durowa, washegari ya ce masa "ka yi ƙoƙari". Sai da na yi wata biyar kafin hannun yaron ya saki wannan kuskure. Shi ma wancan malamin yana da takarda. Ni abin da nake so mai sauƙi ne: kafin a ba mutum shaidar koyar da makafi, a ajiye masa shafin da yaro ya rubuta, da kurakuransa, a ce karanta, gyara, a gaban mai jarrabawa. Sannan a ba shi lissafi, don lissafi yana da alamominsa daban, kuma nan ne aka fi zubar da yaranmu.

Dakta Lakcara: Hajiya, Malam, na karanta kuma ba zan kare kaina ba, don ina cikin masu sa hannu a irin waɗannan takardu. Amma ku ji yadda abin yake daga inda muke tsaye. Ka shiga ɗakin lakca ka tarar da ɗalibai ɗaruruwa, injin Perkins na rubutun makafi bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, wasu ma sun lalace babu mai gyara. Ta yaya kowa zai sa hannu? Sai a koma bayani a kan allo, a zana ɗigo da alli, a yi jarrabawa a rubuce. Maganar hannu kuma harshe ce cikakkiya mai nahawunta. Wa ya taɓa iya wani harshe da awa biyu a mako cikin zango ɗaya?

Akwai kuma tsohuwar taƙaddama da har yau ba a warware ta ba ko a ƙasashen da suka fi kowa kuɗi: shin a horar da malami ɗaya ya san kaɗan-kaɗan daga kowace irin buƙata, ko a ware shi ya ƙware a guda ɗaya? A Amurka kowace jiha ce ke ba da lasisinta. Wasu jihohin suna ba da lasisi na gama-gari wanda ya haɗa nau'o'in buƙatu da dama, wasu suna rarrabawa. Mai gama-gari yana da sauƙin turawa ko'ina. Wanda ya ƙware a abu ɗaya kuma shi ne yarinyar Hajiya take buƙata.

Uwar Ɗalibai: Dakta na gode da ka faɗi gaskiya. Amma in haka ne, me ya hana a rubuta a jikin takardar cewa wannan ya san abin a dunƙule, amma bai kai ya riƙe ajin kurame ba? Da na sani da ban bar shi shi kaɗai da su ba.

Malam Ci-rani: Hajiya abin da kika faɗa kusan shi ake yi a Ingila, inda nake koyarwa. Sai ka fara zama cikakken malami tukuna, da shaidar koyarwa irin ta kowa. In za ka riƙe ajin yara masu matsalar ji, ko ta gani, ko masu duka biyun, doka ta wajabta maka wata shaida ta biyu ta wannan fannin takamaimai. Ana iya ɗaukarka aiki kafin ka same ta, amma an ba ka shekara uku ka kammala. Bayan haka kowace makarantar gwamnati ta gama-gari dole ta naɗa malami guda mai kula da lamuran yara masu buƙata ta musamman, shi ma da nasa horon da ake so ya gama cikin shekara uku da naɗa shi.

Ba wai an gama da matsala ba ne, mu ma kullum kukan ƙarancin ƙwararru ake yi. Abin da ya burge ni kawai shi ne hawa biyu ne, kuma yawanci kana karatun hawa na biyun ne alhali kana cikin aji, abin da aka koya maka yau gobe ka gwada shi a kan yaro na gaske, wani ya zo ya duba ka.

Baban Ihsan: Ku gafarce ni malamai, ni ba malami ba ne, uba ne. Ina ganin kun cika nauyaya maganar takardu da kwasa-kwasai. Wannan aiki na zuciya ne. In mutum yana da haƙuri da tausayi da tsoron Allah zai iya. Matar da ta koyar da Helen Keller, wadda ba ta ji ba ta gani, ai ba ta da wani lasisi, kuma ga abin da ta yi duniya ta shaida.

Mai Ɗigo Shida: Baban Ihsan, haƙuri da tausayi wajibi ne, ba mai musu. Amma labarin da ka kawo hujjarmu ce. Malamar Helen ɗin, Anne Sullivan, ita kanta tana da matsalar ido. Shekara shida ta yi a makarantar makafi ta Perkins, ta gama a 1886. A can ta zauna da Laura Bridgman, wadda ita ma ba ta ji ba ta gani, a wurinta Anne ta koyi haruffan da ake rubutawa a tafin hannu. Kafin ta tafi gidan su Helen a 1887 sai da ta zauna ta yi nazarin rahotannin da Samuel Howe, shugaban makarantar na farko, ya rubuta kan yadda ya koyar da Laura. Ba da tausayi kaɗai ta isa gidan ba, ta je da sana'a a hannunta. Malamin Hajiya ma yana da tausayi, ba ka ji har kuka ya yi ba? Amma yarinya ba ta san saiwa ba.

Baban Ihsan: Na karɓi gyara Malam. Ban san wannan ɓangaren labarin ba.

Mai Maganar Hannu: Salam. Ni kurma ce, malama ce kuma. Na daɗe ina karanta ku, yanzu zan yi magana, ku yi haƙuri da tsawonta.

Kuna ta tambayar yadda za a koya wa mai ji maganar hannu. Ba wanda ya tambayi me ya sa waɗanda harshensu ne tun suna yara ba su ne a gaban ajin ba. Wannan ba yau aka fara ba. A 1880 malaman kurame suka yi babban taro a birnin Milan na Italiya, kusan dukansu masu ji ne, suka yanke cewa koyarwa da baki ta fi koyarwa da hannu. Bayan wannan taro aka yi ta raba malamai kurame da aikinsu a Turai da Amurka, aka hana yara ɗaga hannu a aji. Sai a 2010, a taron da aka yi a Vancouver, aka fito fili aka yi watsi da wancan hukunci. Shekara 130.

Ku dubi kuma wanda ya buɗe wa kuramen Afirka ƙofa. Andrew Foster kurma ne, baƙar fata na farko da ya yi digiri a Gallaudet, kwalejin kurame da ke Amurka, a 1954. Ya fara da Gana a 1957, ya zo Ibadan a 1960, kafin rasuwarsa a 1987 ya kafa makarantu kusan 30 ko fiye a ƙasashen nahiyar nan, yana horar da kurame su zama malamai. Shi ya sa maganar hannun da ake yi a makarantu da dama ta samo asali daga ta Amurka. Ga kuma maganar hannu ta Hausa da kurame ke yi a tsakaninsu, wadda daban take. Yaro yakan zo makaranta da wannan, ko da 'yan alamun da ya ƙirƙira da mahaifiyarsa, don mafi yawan yara kurame iyayensu masu ji ne. Malamin kirki sai ya san inda yaron ya fito kafin ya kai shi inda za shi.

Yanzu ga abin da ke ci mini rai. Ina da ƙawa kurma, in ta tsaya gaban yara ko ƙiftawa ba sa yi. Ta zauna jarrabawar shiga aikin koyarwa sau biyu tana faɗuwa, saboda tambayoyin dogayen jimloli ne na Turanci, harshen da ba ta taɓa jin sautinsa ba, kuma ba a ba ta tafinta ba. Wanda bai iya ce wa yaro "ka gane?" da hannu ba ya ci, ya samu aji. Ita tana gida. Alhali sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, ta 2006, ya ɗora wa ƙasashe nauyin ɗaukar malamai da suka ƙware a maganar hannu ko Braille, har da malamai masu nakasa. An rubuta, an sa hannu.

Dakta Lakcara: Malama, wannan magana ta shige ni. Abu ɗaya kawai zan ƙara don adalci: yaro kurma yana buƙatar ya iya karatu da rubutu a harshen da ake jarrabawa da shi, don haka malaminsa ma dole ya iya. Ba zan goyi bayan a cire wannan ba.

Mai Maganar Hannu: Ban ce a cire ba Dakta. Na ce a auna duka biyun. A auna rubutuna, a ba ni tafinta da ƙarin lokaci. Shi ma mai ji a zaunar da shi gaban kurame uku, su yi hira da shi minti ashirin, su ba shi maki. In ya faɗi ya koma ya sake, kamar yadda ƙawata ke komawa.

Tsohon Sufeto: 'Yata, maganarki gaskiya ce, amma bari tsoho ya kawo abin da ke hana shi barci. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2021 cewa yara masu nakasa a duniya sun kusa miliyan 240, wato kusan ɗaya cikin kowane goma. In muka ɗaga sharaɗi sama yadda kuke so, mutum nawa za su tsallake a shekara? Ajin da ba a samu wanda ya tsallake ba, a rufe shi? Na sha zuwa makarantar da in ka cire malami mai rabin sani, to babu kowa, yaran gida za su koma. Ko Amurka, da dokarta ta ce malamin ilimi na musamman ya kasance yana da cikakken lasisin jiha kuma ba a yafe masa sharuɗɗa da sunan gaggawa ba, kusan kowace shekara yawancin jihohinta suna bayar da rahoton ƙarancin malaman wannan fanni. To ina ga waɗanda ba su kai su ƙarfi ba?

Mai Ɗigo Shida: Baba, ba a ce a kore shi ba. A bar shi a ajin, amma a kira shi da sunansa: mai koyon aiki. A haɗa shi da wanda ya iya, a sa masa wa'adi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ba shi takardar da ke cewa ya gama, don daga ranar ba wanda zai sake waiwayarsa, shi ma ba zai sake neman sani ba.

Tsohon Sufeto: In da wa'adi da mai duba shi, na yarda. Tsorona kada wa'adin ya zama na har abada, don na ga "na wucin gadi" da ya kai mutum har ritaya.

Maman Abba: Ina ta jira a zo kan irin yarana amma har yanzu maganar kurame da makafi ake yi. Ɗana yana da otizim, wato larurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, shekararsa takwas. Shi ba harafi na musamman yake buƙata ba, ba kuma injin rubutu ba. Mai lura yake buƙata.

A makarantarsa ta farko kullum sai an kira ni, wai yana ihu yana buga kansa da bango, wai taurin kai ne, har aka ce in nemi wani wuri. A ta biyu muka dace da wata malama da ta sami horo na gaske. Mako guda ba ta ce komai ba, sai ɗan littafi a hannunta. Duk sanda ya yi ihu sai ta rubuta abu uku: me ya faru kafin nan, me ya yi, me ya biyo baya. Ranar Juma'a ta kira ni ta buɗe littafin. Sau tara ya yi ihu a makon, bakwai daga ciki lokacin da ake jan benci a kan siminti ne za a canza darasi. Ƙarar ce ke shiga masa kai. Ta mayar da shi kusa da ƙofa, ta yi masa jerin hotuna na abin da za a yi a yini, kafin a ja benci sai ta nuna masa hoton ta fita da shi minti biyu. Wallahi cikin wata ɗaya ihun ya ragu har sai in yi kwanaki ba a kira ni ba.

Na tambaye ta ina ta koyi wannan. Ta ce a lakca an ambata, amma a hannun wata tsohuwar malama ta iya shi, wadda ta zauna a ajinta wata shida. Malaman makarantar farko ba mugaye ba ne. Ba wanda ya taɓa nuna musu cewa ihun yana da dalili.

Malam Ci-rani: Maman Abba, Allah Ya raya Abba. Abin da malamar nan ta yi yana cikin ginshiƙan aikin, kuma ana iya jarraba mutum a kansa. Haka rubuta tsarin koyarwa na yaro shi kaɗai. A Amurka tun dokar 1975, wadda aka sauya wa suna zuwa IDEA a 1990, kowane yaro da ya cancanta sai an rubuta masa nasa tsarin: ina yake yanzu, ina ake so ya kai, wa zai yi me. Da iyaye ake zama a rubuta, kuma a sake duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Malamin da bai taɓa rubuta irin wannan wa yaro na gaske ba, ya zauna da uwa irinki ya kare abin da ya rubuta, ni a ganina bai gama horo ba.

Ɗalibar Aji Uku: Iyayena malamai, ku ba ni dama in sa baki, ni ce wadda ake magana a kanta, don baɗi in Allah Ya so zan karɓi irin wannan takarda. Na yi koyarwar gwaji a zangon da ya wuce. Fannina masu raunin fahimta ne, amma makarantar da aka tura ni babu yaro ko ɗaya da aka tantance yana da wannan buƙata. Na koyar da aji na gama-gari kamar kowa. Wanda ya zo duba ni sau ɗaya ya zo, ba daga sashenmu yake ba, ya duba tsarin darasina da tsabtar allo ya ba ni maki mai kyau. Na ji daɗin makin a lokacin. Yanzu da na karanta labarin Hajiya gabana faɗuwa yake yi, don na ga kaina a wannan malamin. Me zan yi a shekarar da ta rage mini?

Maman Abba: 'Yata, ki nemi ajin da ke da irin yaran, ko kyauta ne ki riƙa zuwa kina zama. Ki kuma riƙa tambayar iyaye, mun san abubuwa da yawa game da 'ya'yanmu da ba a tambayarmu.

Dakta Lakcara: Ki bi shawarar Maman Abba. Ki sami yaro ɗaya ki bi shi zango guda, ki rubuta abin da ya iya ranar farko da abin da ya iya ranar ƙarshe. Ni kuma zan kai maganar tura ɗalibai wurin da ya dace gaban taron sashenmu, don wannan a hannunmu yake, ba sai an jira wata hukuma ba.

Baba Sufeto, game da yawan yaran da ka ambata: ba za a taɓa samun ƙwararre a kowane aji ba, wannan haka yake. Tun sanarwar Salamanca ta 1994, wadda gwamnatoci 92 suka amince da ita a Sifen, duniya ta karkata ga a koyar da yaran nan tare da sauran yara a makarantun gama-gari. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da aka sa wa hannu a Najeriya a farkon 2019 ita ma ta ce kowace makarantar gwamnati ta sami aƙalla ma'aikaci guda da aka horar don su. Ma'anar wannan ita ce kowane malami, ko na lissafi ne, sai ya sami wani kaso na wannan ilimi, ya iya gane yaron da ke kasa karatu ba don lalaci ba, ya san lokacin da zai nemi taimako. Sannan a sami ƙwararru kaɗan amma na gaske, masu zagayawa. Kenya ta kafa cibiyar horar da malaman ilimi na musamman, KISE, a 1986, kuma tana horar da malaman da ke bakin aiki ta hanyar karatu daga nesa, ba sai sun bar azuzuwansu ba.

Mai Maganar Hannu: Dakta a nan zan ɗan saɓa maka. Zama tare da sauran yara yana da kyau ga da yawa. Amma kurma ɗaya tilo a cikin masu ji hamsin, da ƙwararren da ke leƙo shi sau ɗaya a mako, wannan kaɗaici ne. Harshe a cikin jama'a ake koyonsa. Yaranmu suna buƙatar junansu, da babba kurma da za su gani su san cewa su ma za su girma su zama wani abu.

Dakta Lakcara: Ban musa ba. Ita kanta sanarwar Salamanca ta yi togaciya a kan kurame, ta ce saboda buƙatarsu ta sadarwa wataƙila makarantu ko azuzuwa na musamman su fi dacewa da su.

Uwar Ɗalibai: Allah Ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na tsaya. Ba zan mayar da malamin ba, don yana son aikin. Akwai wani tsohon ɗalibinmu kurma da ya gama sakandare, yaran suna ƙaunarsa, zan roƙe shi ya riƙa shiga ajin tare da shi. Damuwata ita ce ba shi da takardar da za a sa shi a tsarin albashi, sai dai mu san yadda za mu yi da ƙungiyar iyaye. Malama, ke da kika san abin, ta ina malamin zai fara?

Mai Maganar Hannu: Hajiya ya fara da ajiye alli. Mako biyu kada ya cika allo. Lokacin tara ya zauna a cikinsu, ya bar su su koya masa sunayen abubuwan da ke ajin, za su yi masa dariya in ya yi kuskure, ya jure, a haka za su saba. Su ne za su raɗa masa suna da hannu, kada ya zaɓa wa kansa. Kada ya yi magana yana fuskantar allo, kada ya tsaya taga tana bayansa don fuskarsa za ta yi duhu, kuma rabin maganarmu a fuska take. A jera kujerun kamar rabin da'ira yadda kowa zai ga hannun kowa. Shi kuma tsohon ɗalibin naku ki taimaka masa ya nemi gurbin NCE, kada ya tsaya a mataimaki.

Darasin tsiron kuma a sake shi daga farko. A fita waje, kowane yaro ya tugo ciyawarsa, a wanke ƙasar, a nuna alamar saiwa da hannu, sannan a rubuta kalmar. In kin yi haka ki dawo ki gaya mana abin da yarinyar ta ce.

Uwar Ɗalibai: In sha Allahu ranar Litinin za mu fara. Zan sa a kawo bokitin ruwa.